Kunnen Jita da Ƙugin Wutar Gidanmu

Idan aka zare wa jitar lantarki wayarta, ba ta wuce katako da ƙarfe ba. Ko da dukkan ƙarfinka ka kaɗa ta, wanda ke tsakar gida ba zai san ana yi ba. Ba ta da ƙoƙo irin na garaya ko gurmi, ba ta da fatar da za ta riƙe amo. Duk wannan muryar da take cika fili da ita a wajen biki tana fitowa ne daga wani ɗan abu da bai fi tsawon yatsa ba, wanda aka dasa a ƙarƙashin tsirkiyoyinta. Masu abin suna ce masa fikof. Ni kunne nake ce masa, domin aikinsa ke nan, sauraro. A kan wannan ɗan kunnen ne na kusa rabuwa da rabin albashina bara.

Mu dai ba gidan kiɗa ba ne. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, tela ne, kakanmu kuma fatauci ya yi. Autanmu ne ya zo da abin da ba a gada ba. Bayan ya gama sakandare aka kai shi koyon naɗin waya, irin na fanka da injin ban ruwa da injin markaɗe, kuma Allah Ya ba shi hannu. A layin shagon ne wani Buzu mai gadi ya tura masa kiɗan Bombino da Mdou Moctar a waya, shi ke nan yaro ya kamu. Ya yi ta tari har ya sayi wata jita ta hannu, ƙirar ƙasar Sin amma a kan fasalin Stratocaster, ya koya wa kansa a ɗakin zaure. Yanzu shekararsa 24. Ana kiransa bikin Buzaye da 'yan Nijar mazauna Kano, wani lokaci kuma a kira shi situdiyo ya saka jita a waƙar fim.

A situdiyon ne aka ci masa fuska. Jitarsa tana wani ƙugi, zuuuu, da zarar an jona ta, ko bai taɓa tsirkiya ba. A wajen biki hayaniya tana rufe shi, amma a ɗakin naɗar sauti ba abin da ke ɓuya. Mai wurin ya ce ya tattara kayansa, in ya sami jitar kirki ya dawo. Sai ga shi a gabana da daddare, ina shirin fita aikin kwana, yana sosa ƙeya.

"Yaya, fikof nake so in saya. Ki ranta mini, zan biya."

Hajiya tana kan sallaya ta waiwayo. "Fikof kuma? Kai da ko mashin ba ka mallaka ba, motar kaya za ka saya?"

Da aka gama dariya na faɗa masa abin da nake faɗa wa ɗalibai masu sanin makamar aiki a asibiti, cewa ba a bai wa mara lafiya maganin da ba a san aikinsa ba. In yana son kuɗina sai ya buɗe mini cikin jitar, ya nuna mini ciwon, ya kuma nuna mini yadda maganin zai yi aiki. Ranar hutuna ya zo da sukundireba.

Abin da na gani ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa. Maganaɗisu ne da siririyar wayar jan ƙarfe a naɗe, iyakacinsa ke nan. Akwai 'yan sanduna shida, kowace a ƙarƙashin tsirkiya ɗaya, wayar kuma siranta kamar silin gashi, an zagaya da ita wajen sau 8,000. Tsirkiyar jita ƙarfe ce. Idan ta yi rawa a saman maganaɗisu sai ta girgiza ƙarfinsa, girgizar kuma ta haifar da 'yar wuta a cikin naɗin, wadda yawanci ba ta kai bolt ɗaya ba. Ita ce ke bin waya zuwa amfilifaya, a ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita sauti. Wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan tun 1831, kuma da shi janareton da ke hana mu barci yake aiki. Auta ya ce shi ya sa bai sha wahalar ganewa ba. Abin da yake yi wa fanka ne kullum, sai dai fanka wuta take ci ta ba da motsi, fikof kuwa motsi yake ci ya ba da wuta.

Wato ba makirufo ba ne. Na sa baki na yi magana a kansa, shiru. Ya ja zaren roba a samansa ya kaɗa, shiru. Amma da ya ɗan taɓa shi da kan sukundireba sai lasifika ta ce ƙwas. Ƙarfe kaɗai yake ji. A Amurka aka fara wannan dabara a farkon shekarun 1930, lokacin da mai jita kan ɓace a tsakanin masu ganga da masu busa. Wani makaɗi, George Beauchamp, shi da Adolph Rickenbacker suka fitar da wata jita mai ɗan zagayayyen jiki da dogon wuya, har mutane suka yi mata laƙabi da kwanon suya.

Irin wanda ke jikin jitar Auta shi ne mai naɗi ɗaya. Kamfanin Fender na jihar Kalifoniya ne ya yi suna da shi, musamman da ya fitar da Stratocaster a 1954 da kunnuwa uku a jere. Muryarsa siririya ce, tas, mai kaifi, kamar an buga cokali a bakin kofin gilashi. Ko an kaɗa tsirkiya shida a tare kana iya tsintar kowace daban. Wanda ya saurari kiɗan jita na Agadas ya san abin da nake nufi. Yatsun makaɗan suna gudu ne, sauti na bin sauti kamar ana zuba tsakuwa a faranti, kuma in ba kunne mai kaifi ba duk zai cakuɗe. Mdou Moctar, wanda bahago ne, da Stratocaster aka san shi, kamar yadda aka san Jimi Hendrix da ita tun kafin a haife shi. Jitarsa ta farko kuwa da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, domin gidansu gidan addini ne kuma ba su so abin ba. Wannan labarin Auta ba ya gajiya da bayar da shi, kuma na lura sai Hajiya tana kusa yake tunawa da shi.

Ina ganin akwai dalilin da ya sa wannan murya ta shiga kunnenmu da wuri. Mun tashi muna jin kuntigin Ɗan Maraya Jos a rediyo, tsirkiya ɗaya tak a kan ɗan gwangwani, amo busasshe mai tsini. Mai naɗi ɗaya ɗan uwan wannan amon ne, wuta kawai aka sa masa.

To ga ciwon. Naɗin waya ba tsirkiya kaɗai yake ji ba. Wutar gidajenmu tana kai da komo ne sau 50 a kowace daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma duk wayar da ke cikin bango, duk fanka, duk caja, duk taransifoma, suna watsa wannan kai da komon a iska. Naɗin sai ya zama eriya ya kwaso shi. Auta ya riƙe jitar ya riƙa juyawa a hankali a tsakiyar ɗaki. In ya fuskanci bangon da mita take sai ƙugin ya tashi, in ya karkata sai ya sauka.

A nan na gane abin sarai, domin na san wannan ƙugin, sai dai ni da ido na san shi. Idan muna yi wa mara lafiya awon bugun zuciya da na'urar ECG, wani lokaci layin da ya kamata ya fito siriri sai ya fito da kauri, yana da 'yan haƙora kamar zarto. Wutar da zuciya ke bayarwa a saman fata ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba, don haka abu kaɗan ke dagula ta. Sai mu cire cajar da 'yan jinya suka jona a gefen gado, mu ja gadon daga jikin bango, mu raba wayoyin da suka harɗe, mu sake maƙala abin da ya saki. Wannan sau hamsin ɗin ne dai. Abin da ke ɓata mini takarda a wurin aiki shi ya kori ƙanina daga situdiyo.

Maganin da yake so ya saya shi ne mai naɗi biyu, wanda ake kira hambaka, wato mai ture ƙugi. Wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya nemi rajistar dabarar a 1955, aka fara sa ta a jitar Les Paul a 1957. Naɗi biyu ne a jere, ɗaya an juya shi saɓanin ɗan uwansa, maganaɗisun da ke ƙarƙashinsu ma ɗaya kan arewa ne a sama, ɗaya kan kudu. Ƙugin da ke yawo a iska ba ruwansa da maganaɗisu, yana shiga naɗin biyu iri ɗaya, da yake kuma a saɓe suke sai na wannan ya kashe na wancan. Rawar tsirkiya kuwa sau biyu aka juya ta, ta wajen naɗi da ta wajen maganaɗisu, sai ta dawo daidai, ta haɗu ta ƙara ƙarfi. Na ce masa ai na'urarmu ma kusan haka take yi. Tana kwatanta abin da waya biyu suka ɗauko daga jikin mutum, ta zubar da abin da suka yi tarayya a kai, ta riƙe bambancin. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ashe ke ma 'yar hannu ce."

Gani ya kori ji, amma a wannan harka ji ne ya kori gani. Ya kai ni wajen wani abokinsa da ke kaɗa jita a coci a Sabon Gari, mai irin Les Paul. Aka jona, shiru kamar ba a kunna ba. Auta ya karɓa ya kaɗa. Murya ce mai kauri, mai nauyi, tana daɗewa kafin ta mutu. Ita ce muryar da ake ji a jitar Carlos Santana da ta B.B. King, inda sauti ɗaya kan tsaya yana kuka har ka ji tsigar jikinka ta tashi. In mai naɗi ɗaya guɗar budurwa ce a wajen kai amarya, hambaka dattijo ne yana magana a zaure, bai ɗaga murya ba amma kowa ya yi tsit.

Sai na ce ya yi irin gudun nan na Agadas. Ya yi. Sautukan suka manne da juna kamar kunun gyaɗar da ya yi kauri. Ba muni ya yi ba, amma tsakuwar nan ta tafi. Dalilin shi ne hambaka yana sauraron tsirkiya ta wuri biyu, waya kuma ta yi yawa, saboda haka saman sautin, wato kaifin, yana raguwa. Duk wanda ya sayi shirun hambaka da wani abu ya biya, kuma abin da zai biya da shi shi ne ainihin abin da ya sa Auta ya ɗauki jita tun farko. Na kalli fuskarsa yana kaɗawa. Na yi shekara goma sha ɗaya ina kallon fuskar mutanen da ke ce mini "da sauƙi" alhali ba sauƙin. Ba son abin yake ba, tsoron mai situdiyo yake.

Akwai kuma wani abu da ya fi nau'in kunnen tasiri a wajena, wato inda aka ajiye shi. Mu ma abin sauraren ƙirji guda ɗaya ne a wuyanmu, amma zuciya ba a wuri ɗaya ake jin ta ba. Akwai gurbi a dama da ƙashin ƙirji can sama, akwai a hagu, akwai ƙasa, akwai can gefe ƙarƙashin nono, kowane da ƙofar zuciyar da ta fi fitowa a wurin. Kan abin ma fuska biyu gare shi, mai faɗi don sauti mai kaifi, ƙarama mai zurfi don sauti mai nauyi. Zuciyar ɗaya ce, labarin ne ya bambanta. Haka jita. Kunnen da ke kusa da jaki, inda tsirkiya take a ɗaure tam ba ta iya rawa sosai, muryarsa tsini ce, tana cizo. Wanda ke kusa da wuya, inda tsirkiya ke lilo son ranta, muryarsa zagayayya ce, mai taushi, irin ta dare. Ɗan makunnin da ke jikin Stratocaster wuri biyar gare shi: jaki, jaki da tsakiya, tsakiya, tsakiya da wuya, sai wuya. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sauran nau'o'in a gurguje ya bi mini su. Akwai P-90, wanda Gibson suka fitar a 1946, naɗi ɗaya ne amma faffaɗa, muryarsa tsaka-tsaki, da ɗan gurnani, kuma shi ma yana ƙugi. Shi ne a jikin jitar da aka fi ganin Bob Marley da ita. Akwai masu batir, waɗanda kamfanin EMG ya yi suna da su, naɗinsu kaɗan ne amma an sa musu ɗan abin ƙara ƙarfi mai cin batir na bolt 9. Ba su da ƙugi, masu kiɗan hargowa na Turawa suna son su, amma ranar da batir ya mutu a tsakiyar biki ka shiga uku. Akwai kuma fiyezo, wanda ba maganaɗisu a cikinsa, matsi yake ji, ana sa shi ƙarƙashin jakin jitar katako, shi ya sa yana jin ko tsirkiyar roba. Maganaɗisun ma iri biyu ne a kasuwa, alniko, wanda haɗin alminiyam da nikel da kobalt ne da baƙin ƙarfe, da kuma na siramik mai arha. Masu sayarwa a intanet suna zuzuta alniko kamar maganin gargajiya mai warkar da cuta tamanin. Ni dai da aka kaɗa mini biyun bambancin bai kai kuɗin ba.

Har zuwa nan maganar ɗanɗano ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata magana da ta fito a hanyarmu ta dawowa. Auta ya ce wani mai haya da kayan sauti ya ba shi shawara mai sauƙi, wai ya karye ƙafa ta uku ta filogin amfilifaya, doguwar nan ta sama, ƙugin zai ragu. Ya ce da yawa suna yi. Na sa mai adaidaita ya tsaya.

Wannan ƙafar ita ce wayar ƙasa. Aikinta, in wuta ta kuɓuce a cikin na'ura ta hau jikin ƙarfenta, ta ba ta hanyar gudu zuwa ƙasa kafin ta bi ta jikin mutum. A jitar lantarki kuwa akwai wata 'yar waya da ta haɗa jaki da jikin amfilifaya, wato tsirkiyoyin shida duka a haɗe suke da shi. Shi ya sa in makaɗi ya ɗora hannu a kan tsirkiya ƙugi yake raguwa. Shi ya sa kuma in amfilifaya ta sami matsala babu wayar ƙasa, bolt 230 na iya zama a kan tsirkiya yana jiran wanda zai taɓa. Hannu ɗaya a kan tsirkiya, ɗaya a kan makirufo, ko leɓe a jikinsa, ga gumi, ga ƙafa ba takalmi a kan siminti ko yashi mai laima, ga janareto da aka jona da tsirarar waya. Hanyar wutar ta tsakiyar ƙirji ce. Ba tatsuniya ba ce. A 1972 wuta ta kashe Leslie Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotilan, a kan dandamali a garin Suwansi, a gaban masu kallo, da ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa ba. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, ya mutu a gidansa yana riƙe da jita. Wannan a Ingila da Wales ke nan, inda ake bin ƙa'idar jan waya.

Na karɓi waɗanda wuta ta ja ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Abin da ke yaudarar 'yan uwa shi ne ƙanƙantar ciwon. Ɗan tabo a tafin hannu, wani a tafin ƙafa, sai a ce Allah Ya taƙaita. Ɓarnar tana ciki, a naman da wutar ta ratsa. Wutar gida tana damƙe tsoka, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, tana kuma iya rikita zuciya ta daina bugu ta koma karkarwa, jini ya tsaya. 'Yan uwana mata, wannan ba na masu jita kaɗai ba ne, na mai dutsen guga ne, da mai firji, da mai hita a bokiti. In wuta ta kama mutum kada a taɓa shi da hannu. A kashe daga makunni ko a zare filogi, in ba hali a ture shi da busasshen katako. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har a sami taimako. Kada a ɗura masa madara ko manja. In ma ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.

Da muka isa gida na sa ya kwance soket ɗin ɗakin zaure. Ramin na uku ba a haɗa shi da komai ba. Haka na ɗakin Hajiya, haka na kicin. Gidan da aka haife mu duka ba shi da wayar ƙasa, kuma yaron nan ya yi shekara huɗu yana zama a kan tabarma, ƙafa ba takalmi, da ƙarfe shida a hannu.

Na ba da kuɗin, amma ba hambaka aka saya ba. Aka kira mai gyaran wuta ya kafa sandar jan ƙarfe a bayan gida, ya ja waya zuwa kowane soket, ya kuma sa irin makunnin nan mai yanke wuta da kansa da zarar ta zurara ta inda bai kamata ba, mai lamba 30 a jikinsa. Auta ya sha kunu kwana biyu. A rana ta uku ya zo da wata dabara, wadda dama tana cikin kansa, neman mafita ta kuɗi ce ta rufe masa ido. A jita mai arha irin tasa maganaɗisun sanda ce da aka manna a ƙarƙashin kunne. Ya ɓamɓare ta kunnen tsakiya ya kifa ta, ya musanya wayoyinsa biyu. Yanzu in ya sa makunni a wuri na biyu ko na huɗu, inda kunne biyu ke aiki tare, sai su zama hambaka mai zaman nesa da juna, ƙugin wannan ya kashe na wancan. Kamfanoni ma haka suke yi a sababbin jitoci, tasa ce ba a yi mata ba. Ya liƙe ramin cikin jitar da takardar jan ƙarfe don ta tare wani ɓangare na hayaniyar, ya sayi waya mai kyau. Muryar wurin nan biyu ta ɗan bi ta hanci, kamar kukan agwagwa, amma tsakuwar tana nan. Mai situdiyon farko bai sake kira ba. Wani ne ya kira bayan wata biyu.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne keken ɗinkin Baba. Ya yi shekara shida a rufe da zani a lungun ɗaki. Auta ya nemi izinin Hajiya ya fito da shi, ya ɗaura wani katako a jikin abin juyawarsa, ya mayar da shi injin naɗin fikof. Ya haɗa wani ɗan makunni da kalkuleta, duk zagaye ɗaya ta ƙara ɗaya. Wayar sai da ya yi odarta ta intanet, domin ta fanka ta yi kauri, kuma ta tsinke masa ya fi a ƙirga kafin hannunsa ya faɗa. Yanzu 'yan coci da masu kiɗan biki suna kawo masa kunnuwan da suka mutu. Ya gano da kansa cewa in ya ƙara naɗi murya tana ƙara kauri da ƙarfi, in ya rage tana ƙara haske, har yana tambayar mai kaya irin kiɗan da yake yi kafin ya taka keke.

Na san wasu za su ce me ya kai ɗan Musulmi, ɗan gidan mutunci, ga jita. Baffanmu ya riga ku faɗa, kuma bai janye ba. Hukuncin kiɗa magana ce ta malamai, ba a bakina za a ji ta ba. Damuwar Hajiya kuma daban ce, kuma ba ta rasa gaskiya: a garin nan har yanzu in aka ce makaɗi maroƙi ake ji, to wa zai ba shi 'ya? Wannan ba abin da sandar jan ƙarfe za ta gyara ba ne. Abin da ke hannuna na yi. Ba ya fita biki sai da takalmi mai ƙasan roba, da abin gwada wuta a aljihu, kuma in ya ga an jona kaya da tsirarar waya ya san abin da muka yi alkawari. Na kuma saya masa abin toshe kunne, domin ya fara cewa yana jin wani siririn fito bayan an tashi daga biki, gashin cikin kunne kuwa in ya mutu ba ya sake tsirowa, babu kuma mai naɗa shi a keke.

In maƙwabta suka tambayi Hajiya sana'ar autanta, cewa take yi mai naɗin waya ne, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ba ta taɓa shiga ɗakin zaure yana kaɗawa ba. Amma ran nan bayan isha'i ina gidan, yana gwada wani kunne da ya gama naɗawa, yana ta kai makunni jaki yana dawo da shi wuya, sai muka ji muryarta daga tsakar gida, tana tsince shinkafa.

"Kai Auta, wannan mai tsinin yana shiga mini haƙori. Mayar da na ɗazu."